Kiwon ƙananan dangin karfasa a tankin gilashi: daga shirya ruwa har zuwa saukar baƙo

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gefen tafki ya ga karfasa ta share ɗan fili a cikin yashi, ta tsaya a kai tana fatattakar duk abin da ya matso, ya riga ya san rabin halin kifayen da zan yi magana a kansu. Danginsu ɗaya da karfasa, dangin da masana ke kira sikilid, sai dai su ba sa girma. Yawancinsu tsawon yatsa ne, babbansu ya kai santimita 10 ko ya ɗan haura. Jikin ƙarami, amma zuciyar ta karfasa ce. Kifayen ado da yawa ruwa kawai suke nema su yi ta shawagi, waɗannan kuwa ƙasa suke nema, fili na kansu mai iyaka. Wanda ya gane wannan tun farko ya rage wa kansa asarar kuɗi da ɓacin rai.

Wanne za ka fara da shi

Shawarata ga mai farawa ita ce kiribensis, wanda sunansa na kimiyya Pelvicachromis pulcher. Ɗan gida ne, asalinsa ƙoramun kudancin Najeriya, wajajen Neja Delta, har zuwa gaɓar tekun Kamaru, kuma daga garin Kribi na Kamaru sunan nan na kasuwa ya samo asali. Tun 1901 aka siffanta shi a kimiyyance, yanzu kuma ana hayayyafa shi a ƙasashe da dama, har mai sayarwa ma ya ce maka "ɗan waje ne" bai san daga gida aka fita da kakanninsa ba. Namijin ya fi tsawo, macen gajeriya ce mai tumbi, kuma idan ta shirya saka ƙwai cikinta kan yi jawur mai sirkin shunayya, ta riƙa lanƙwasa jiki a gaban namiji tana nuna masa. Yana jure ruwa iri-iri, ba shi da tsirfar abinci, kuma yana yafe wa sabon mai kiwo kurakurai.

Daga nan sai dangin Apistogramma na Kudancin Amurka, waɗanda ire-irensu sun haura 90. Mafi sauƙi cikinsu shi ne cacatuoides, wanda namijinsa ke da tukku a gadon baya kamar na zakara. Agassizii ya fi shi tsari a ido, amma ya fi son ruwa mai laushi, wato mai ƙarancin ma'adinai, da ɗan tsami. Akwai kuma ram, wato Mikrogeophagus ramirezi, daga filayen kogin Orinoko a Benezuwela da Kolombiya. Shi ne mai ɗaukar ido a shago, shuɗi da ruwan zinare yana walƙiya, kuma shi ne wanda ya fi mutuwa a hannun sabon shiga. Yana son ɗumi, digiri 27 zuwa 30, abin da ya dace da yanayinmu, amma ƙazantar ruwa kaɗan ta isa ta kayar da shi. Ka bar shi sai hannunka ya faɗa.

Iri ɗaya kawai za ka zaɓa wa tanki ɗaya. Kuma kada ka haɗa su da manyan sikilid na tafkin Malawi, ko da mai shago ya ce maka ai duk 'yan uwa ne. Ruwansu daban, faɗansu ma ba sa'an juna ba ne.

Tanki: faɗin ƙasa ake dubawa

Kada ka tambayi lita nawa yake ci kafin ka tambayi tsawonsa. Dogon tanki mai tsayi sama, siriri, ba shi da amfani ga kifin da rayuwarsa duk a ƙasa take. Mafi ƙanƙanta ga namiji ɗaya da mace ɗaya shi ne mai tsawon santimita 60 da faɗin 30, wanda kan ɗauki wajen lita 60. Idan da hali ka nemi mai santimita 90. Bambancin kuɗin ba shi da yawa, amma bambancin zaman lafiya babba ne. Kowace macen Apistogramma tana riƙe fili mai faɗin kusan santimita 30 kewaye da ɗakinta, don haka ka lissafa da kanka mata nawa tankinka zai ɗauka. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka teburin da za ka ɗora shi ya zama mai ƙwari, shimfiɗaɗɗe, nesa da taga.

A ƙasa ka zuba yashi mai laushi, kaurin santimita 3 zuwa 4. Rairayin kogi ya wadatar idan ka tankaɗe shi ka wanke har ruwan ya fita garau, wanki bakwai ko goma, babu sabulu. Apistogramma da ram suna ɗiban yashi a baki, su tace abin ci, su fesar da sauran, tsakuwa mai kaifi kuwa tana yi musu rauni. Dutsen da za ka saka, ɗiga masa ruwan binega tukuna: in ya yi kumfa, akwai farar ƙasa a jikinsa, zai taurara ruwan, ka ajiye shi gefe.

Sai ɗakuna. A nan mu ba mu da buƙatar sayen kayan roba masu tsada. Ɓawon kwakwa da aka raba biyu, aka kankare, aka tafasa, aka yi wa 'yar ƙofa, ɗaki ne mai kyau. Haka ma ƙaramar tukunyar ƙasa sabuwa wadda ba a taɓa girki a cikinta ba, ko asusun ƙasa da aka faɗaɗa bakinsa aka goge kaifin. Ƙofar ta zama ƙarama, daidai shigar mace. Ɗakunan su fi matan yawa, kuma kada ƙofofin su kalli juna. Tsakaninsu ka gitta itace, ka sa tsirrai, yadda kifin da ke wannan kusurwa ba zai hango na waccan ba. Sikilid yana korar abin da idonsa ya gani ne, in ya daina gani ya daina kora. Anubiyas, tsiron da shi ma asalinsa dazuzzukan Najeriya da Kamaru ne, ya dace sosai: ba ya son haske mai yawa, a kan ɗaure shi ne a jikin itace ko dutse, ba a binne saiwarsa mai kauri.

In ka san bishiyar nan mai faffaɗan ganye da ake shukawa don inuwa a harabar makarantu da ofisoshi, wadda yara ke fasa ƙwallon 'ya'yanta su ci, Terminalia catappa, to busasshen ganyenta da ya faɗo da kansa dukiya ne. Ka ɗauraye uku ko huɗu ka jefa. Ruwan zai yi launin shayi marar madara, ya ɗan ƙara tsami, ya yi kama da ƙoramun da kifayen suka fito. Ka tabbata ba a yi wa bishiyar feshin magani ba.

Ruwa da haƙurin sati shida

Nan ne yawancin mutane ke faɗuwa, domin tanki ya yi kyau, ruwa garau, hannu na ƙaiƙayi. Amma ruwa garau ba shi ne ruwa mai lafiya ba. Kashin kifi da numfashinsa da ragowar abinci suna fitar da amoniya, guba ce. Wasu bakteriya masu amfani suna mayar da ita naitirait, ita ma guba ce, wasu kuma su mayar da wannan naitiret, wanda cutarwarsa kaɗan ce kuma canjin ruwa ke rage shi. Waɗannan bakteriya a jikin soson filta, wato matatar ruwan tanki, suke zama, kuma kafin su yi yawan da za su iya aikin sai an ɗauki sati huɗu zuwa shida.

Ga yadda za ka yi. Cika tanki, kunna filta, ba kifi ko ɗaya. Kullum ka jefa ɗan abincin kifi, abin da yatsu biyu suka ɗauka, ya ruɓe a ciki. Ka sayi kayan gwajin ruwa, irin na ɗigawa a kwalba, ka riƙa gwadawa duk bayan kwana uku. Amoniya za ta hau ta sauka, naitirait ya hau ya sauka. Ranar da duka biyun suka nuna sifili, naitiret kuma ya bayyana, tanki ya shirya. Ka canza rabin ruwan, sannan ka fara tunanin kifi. Idan kana da aboki mai tsohon tanki lafiyayye, roƙe shi ya matse maka sosonsa a cikin naka, kamar yadda ake ɗiban tsohon nono a zuba a sabuwar madara. Wannan na rage kwanakin sosai.

Ruwan famfo yana iya zuwa da kulorin, wanda ke kashe kifi da bakteriyar duka, saboda haka ka riƙa ɗiga maganin cire shi kafin ka zuba. Ruwan rijiya da na burtsatse ba su da kulorin, amma wani yana da nauyin ma'adinai. Ka gwada. Kiribensis da cacatuoides za su zauna lafiya a pH 6.5 zuwa 7.5, wato ma'aunin tsamin ruwa. Idan ruwanka ya wuce haka da nisa, ka sirka shi da ruwan sama mai tsabta, wanda aka tara bayan rufin ya wanku, ba na farkon damina ba. Abin da ba na so shi ne zuba magunguna yau a sauke pH, gobe ya koma ya hau. Ruwan da ya tsaya a wuri ɗaya, ko bai cika daidai ba, ya fi mai hawa da sauka. Duk sati ka zuƙe kashi ɗaya cikin huɗu da tiyo ka mayar da sabo mai ɗumi iri ɗaya. Soso kuwa a cikin tsohon ruwan da ka zuƙe ake matse shi, ba a ƙarƙashin famfo ba.

Abubuwa biyu ne littattafan Turai ba za su gaya maka ba, zafin bazara da ɗaukewar wuta. Daga Maris zuwa Mayu ɗaki kan ɗumama ruwa ya wuce digiri 31, kuma ruwan zafi ba ya riƙe iska sosai. Za ka ga kifi a sama suna haki. Ka buɗe murfi, ka sa raga a madadinsa don suna tsalle, ka juya 'yar fanka tana busa saman ruwan. A busasshiyar iskar arewa wannan kan sauke digiri biyu ko uku. Da hunturu kuma dare kan sanyaya ruwa fiye da yadda kake zato, nan hita, na'urar ɗumama ruwa, take da amfani, musamman ga ram. Game da wuta, filtar soso mai aiki da famfon iska ita ce ta dace da mu, domin akwai ƙananan famfuna masu caji da masu aiki da fawa bank. Bakteriyar nan iska suke shaƙa, in filta ta tsaya tsawon yini aikin sati shida yana iya komawa baya.

Wa zai fara shiga

Sikilid ne ƙarshen shiga. Fara da ƙananan kifaye masu yawo a sama cikin garke, takwas ko goma. Aikinsu ba ado kaɗai ba ne: in sikilid ya ga ƙanana na yawo a fili hankali kwance, sai ya ɗauka babu maƙiyi, ya fito daga ɓuya. Suna kuma raba masa hankali, fushinsa ba ya taruwa a kan matarsa kaɗai. Ga Apistogramma, tetra ko kifin fensir. Ga kiribensis akwai wani ɗan mitsitsin kifi mai idanu kamar an kunna fitila, Poropanchax normani, wanda aka fara siffantawa a 1928 daga samfurin da aka kamo a kogin Kiyawa kusa da Katagum. Masu zaman ƙasa irin su Corydoras, a ƙaramin tanki, rigima kawai suke jawowa, don ba su san iyaka ba, sai su faɗa ɗakin mai ƙwai su sha duka.

Bayan sati biyu, in gwaji ya nuna ruwa lafiya, sai masu gida su shigo. Kiribensis namiji ɗaya mace ɗaya. Apistogramma namiji ɗaya, mata gwargwadon faɗin ƙasa. Maza biyu a tankin santimita 60, ko da wasa kada ka gwada.

Sayen sabo da killace shi

A shago kada ka kalli wanda ka zaɓa kaɗai, kalli maƙwabtansa. In akwai matacce a tankin, ko wani mai fararen ɗigo a jiki kamar an barbaɗa gishiri, ko mai ramammen ciki, ko mai matse fikafikai a jiki, ka haƙura da tankin baki ɗaya. Ka ce a jefa musu abinci a gabanka. Mai lafiya ba ya jira a roƙe shi.

Ka kawo shi gida, amma ba babban tanki zai shiga ba. Ana buƙatar ƙaramin wurin killacewa, lita 30 ko 40, ko da babbar roba ce mai tsabta, babu yashi, da tukunyar ɓuya ɗaya da soson da ya daɗe yana aiki a babban tankin. Sati huɗu zai yi a nan. Ragarsa daban, bokitinsa daban, tiyonsa daban. Abin da kake dubawa: fararen ɗigon nan, farin kashi mai tsawo kamar zare, jajayen zaruruwa da ke leƙowa daga dubura waɗanda tsutsar ciki ce, da gogar jiki a kan tukunya. Ciwon farin ɗigo yana da dabara, domin magani ba ya kama ƙwayar tana manne a jikin kifi, sai ta sauka ta hayayyafa ta fito yawo. Shi ya sa ake cika kwanakin magani ko da ɗigon ya ɓace. In ciwo ya bayyana, lissafin sati huɗu ya koma farko daga ranar warkewa. Na san da wuya, amma magani a lita 30 ya fi arha a kan magani a lita 100 da gawar kifaye goma.

Wajen fito da shi daga leda, ka ɗora ledar a rufe a saman ruwa minti 15 zuwa 20 ɗumi ya daidaita. Idan daga cikin gari ka sayo, buɗe, ka riƙa zuba rabin kofi na ruwan tanki duk minti biyar har ruwan ledar ya ninka, sannan ka kwashe shi da raga. Idan kuwa daga Legas aka sako maka a mota ya kwana a hanya, kada ka ja lokaci. Amoniya ta taru a ledar, iskar da kifin ya fitar ce ta tsamama ruwan ta danne gubar, kana buɗewa iskar za ta fice, gubar ta farka. Ɗumi na daidaita ka kwashe shi. Ko ta wace hanya, ruwan leda ba ya shiga tankinka. Ka kashe fitila, kada ka ba shi abinci sai washegari.

Ranar haɗuwa

Wannan darasin da gawa na saye shi. Ina da namijin cacatuoides da ya yi wata biyu shi kaɗai a tankin santimita 60, kowane lungu ya zama nasa. Na samo mace, na sake ta da rana tsaka, fitila a kunne, na ja kujera ina jiran in ga soyayya. Ya zo ya baje fikafikai, ya kaɗa mata wutsiya, na ce madalla. Da safe na same ta a can sama, a kusurwa, ta maƙale bayan hita, launinta ya dushe, gefen wutsiyarta ya yage. Na ce za su saba. Kwana na uku na tsamo ta. Ba mugunta ya yi ba, a wurinsa baƙuwa ce ta shigo gona, ba ta shirya ƙwai ba, kuma ta ƙi fita. Ita kuwa gilashi ya tare ta ta ko'ina.

Ga yadda nake yi yanzu. Na farko, in cire mai gidan, in kai shi wurin killacewa na kwana huɗu zuwa sati. Na biyu, in birkita tankin: tukunyar dama ta koma hagu, itace ya juya, in ƙara ɗaki ɗaya da ganye. Na uku, in saki baƙuwar ita kaɗai, ta zagaya, ta zaɓi ɗaki, ta ci abinci a natse. Sannan in dawo da shi da daddare, bayan an ci an ƙoshi, fitila a kashe. Ya dawo ya tarar da garin da bai sani ba, da wadda ta riga shi zama. Shi ne baƙo yanzu, kuma baƙo ba ya shigowa da faɗa.

Idan ba ka da wurin kai shi, raba tankin biyu da ragar roba mai ƙananan huda, su yi sati suna ganin juna ba taɓawa. In za ka ƙara wa Apistogramma mace alhali akwai uwargida, ka tuna ita ma tana da nata filin, wani lokaci ta fi namijin zafi. Ɗakin amarya ya kasance can ɗaya ƙarshen, da shinge tsakani.

Kwana uku na farko ka zauna ka kalla, daga ɗan nesa, domin kifi na ganinka mai jar koma, in ka matso kowa zai natsu ka ɗauka lafiya. Baje fikafikai, gajeriyar kora da ke ƙarewa a iyakar fili, har ma kama baki na ɗan lokaci, duk cikin sha'ani ne. Abin da ke nuna an wuce gona da iri shi ne kora daga bango zuwa bango, yagaggun fikafikai, da ƙin fitowa cin abinci. Alama mafi muni ita ce ganin kifin ƙasa ya koma zaman sama. Ranar da ka ga haka, ranar za ka raba su.

Abinci, da abin da ke biyo baya

Kaɗan, sau biyu a rana, abin da za su cinye cikin minti biyu, kuma mai nitsewa, don ba su cika hawa sama ɗauka ba. Abincin tarwada na buhu ya yi musu girma da maiƙo, yana kuma ɓata ruwa. Suna matuƙar son abu mai rai. 'Ya'yan sauron da ka tarar a wani tsohon bokiti ka tace ka ba su, sun huta kai ma ka huta, amma kada ka ajiye ruwa da gangan don kiwon sauro a gida.

Idan komai ya zauna, wata rana mace za ta ɓace cikin ɗakinta. Macen Apistogramma kan rikiɗe ta zama rawaya shar da baƙaƙen zane. Ƙwan na ƙyanƙyashewa cikin kamar kwana uku, bayan wajen sati kuma ta fito da tarin 'ya'ya kamar ƙura suna bin ta. Kiribensis uwa da uba ke kiwo tare, suna karɓa-karɓa. A Apistogramma kuwa uwa ce mai reno, kuma a ƙaramin tanki wadda jiya ake kora ita ce yau za ta hana namijin da ya ninka ta girma sakat, har sai ka cire shi don ceton ransa. 'Ya'yan za su fara tsintar ƙananan halittun da ke jikin ruɓaɓɓen ganye da soso, sannan ka ƙara musu da sabon ƙyanƙyasar artemiya, wasu mitsi-mitsin jatan lande, ko abinci da aka niƙa lilis. A wannan lokaci ko wane irin kifi ka gani a shago, ka bar shi a wurin killacewa har yaran su yi wata guda uwar ta sake su.